Babi na Shida: Awa Tara Bayan Haɗari

A watan Yuni na shekarar 2010 mota ta kaɗe wata yarinya 'yar shekara 14 a kusa da ƙofar gidansu a unguwar New Addington, kudancin birnin Landan, kuma rai ya yi halinsa. Direban yana gudun da ya zarce ƙa'idar unguwar, ya kuma zuƙi tabar wiwi kafin ya kama sitiyari. Sai dai ba a ɗebi jininsa ba sai da awa tara ta shige, lokacin da abin da ya rage na wiwin a jikinsa bai isa a tuhume shi da tuƙi cikin maye ba. Da laifin tuƙin sakaci da ya jawo kisa aka gurfanar da shi, alƙali ya yanke masa wata takwas, ya fito bayan 'yan makonni. Iyayen yarinyar suka ƙi yin shiru, suka tara sa hannun dubban mutane, suka dinga kai kukansu ga 'yan majalisa har maganar ta isa kunnen gwamnati. Dokar da ta biyo baya ita ce mafi yawan abin da wannan babi zai duba, domin darasin cikinta ya wuce Ingila.

A lokacin da abin ya faru, littafin dokar ƙasar ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga wanda ya kashe mutum da tuƙin sakaci alhali yana cikin mayen giya ko ƙwaya. Ke nan ƙarancin shekaru a rubuce bai zama matsalar ba. Abin da ya kuɓutar da direban daga wancan hukunci shi ne awa taran nan da aka ɓata. Ra'ayina a nan shi ne, wanda ya sha abin da ke gusar da hankali, ya tuƙa, ya kashe ko ya naƙasa wani, ya cancanci hukunci mai nauyi, amma nauyin hukuncin ba ya tsinana komai sai ƙasa ta iya tabbatar da mayen cikin lokaci, ta kuma riƙa kama masu yin haka tun kafin su zubar da jini. 'Yan majalisa sun fi son ƙara shekarun ɗauri saboda ba ya cin kuɗi, yana kuma daɗin faɗa a rediyo. Sayen kayan gwaji da horar da ma'aikata su ne masu tsada, kuma su ne ake yawan tsallakewa.

Mu fara da tambayar da mai kare direba zai fara yi: me ya sa za a ɗaure mutum shekaru masu yawa a kan abin da bai yi niyya ba? Bai san mamacin ba, ba shi da gaba da shi, da za a mayar da hannun agogo baya da ya taka birki. A wajenmu ma akan ƙara da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma wanda kwanansa ya ƙare ba makawa sai ya tafi. Gaskiya ne ajali na Allah ne, amma imani da ƙaddara bai taɓa ɗauke alhaki daga kan wanda ya yi sanadi ba, in ba haka ba da Alƙur'ani bai ɗora diyya da kaffara a kan mai kisan kuskure ba, kamar yadda ya zo a aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i. Malaman Malikiyya kuma ba su ɗauki mayen da mutum ya jawo wa kansa a matsayin uzuri ba. A cikin Muwaɗɗa an kawo cewa Mu'awiya ya ba da umarnin a yi ƙisasi a kan wani da ya kashe mutum yana cikin maye. Ba ina cewa direban da ya kaɗe mutum daidai yake da wanda ya zare wuƙa ba. Abin lura shi ne inda laifin yake. Ba a daƙiƙar karon yake ba, lokacin da hannu da ido suka riga suka yi nauyi. Yana can baya, sa'ad da mutum da hankalinsa garau ya haɗiye ƙwaya, ya san zai tuƙa, sannan ya ɗauki makulli. Wannan zaɓi ne, kuma wanda ya zaɓi ya caca da ran mutanen da ba su san an sa su a caca ba, bai kamata a jera shi da wanda tayarsa ta fashe ba.

Ƙasashe da dama sun karɓi wannan hujja, suka mayar da ita doka. A Birtaniya, daga 28 ga Yuni 2022, iyakar hukuncin wanda ya kashe da tuƙin sakaci cikin mayen giya ko ƙwaya ta tashi daga shekara 14 zuwa ɗaurin rai-da-rai, kuma dole a hana shi tuƙi na aƙalla shekara biyar. Kanada, wadda ta sake fasalin wannan sashe na dokarta a 2018, shekarar da ta halatta wiwi ga manya, ta tanadi har shekara 14 ga wanda ya jikkata wani, da rai-da-rai ga wanda ya kashe. Faransa ta haramta tuƙi bayan shan ƙwaya tun 2003, ita ma bayan mutuwar wata yarinya 'yar shekara tara, sannan a 2025 ta yi wani gyara mai ban sha'awa. Iyalan mamata sun daɗe suna ƙorafin cewa ciwo ne a gare su su zauna a kotu su ji ana kiran mutuwar ɗansu kisan da ba a yi da niyya ba, alhali direban ya cika cikinsa da hodar ibilis. Shari'ar ɗan wasan barkwanci Pierre Palmade, wanda ya yi karo da wata mota a 2023 bayan ya sha ƙwayoyi, ya jikkata mutum uku har wata mai juna biyu ta rasa cikinta, ta ƙara rura wutar muhawarar. Sabuwar dokar ta ba laifin sunansa na daban, kisan hanya, amma ta bar shekarun yadda suke: bakwai, ko goma idan abubuwan da ke ƙara munin laifin sun kai biyu. Ko da shekarun ba su ƙaru ba, sauya sunan ya nuna cewa doka ta daina kallon abin a matsayin kuskure zalla.

To amma kafin alƙali ya kai ga waɗannan shekaru, sai mai gabatar da ƙara ya kawo hujja, kuma a nan gizo ke saƙar. Tsohuwar dokar hanya ta Birtaniya ta 1988 ta buƙaci a nuna cewa ƙwaya ta sa direba bai cancanci tuƙi ba a wannan lokaci. Ɗan sanda zai duba ƙwayar idon mutum, ya sa shi tafiya a kan layi, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya taɓa hancinsa da yatsa ido a rufe, likita ya zo ya duba, sannan lauya ya tashi a kotu ya ce firgicin haɗari ne ya sa wanda yake karewa tangaɗi. An sha fama da irin wannan a kan giya, aka kuma magance ta da lamba. Norway ce ta fara a 1936, ta ce wanda barasar jininsa ta wuce kaza ya yi laifi, ko yana tangaɗi ko ba ya yi. Birtaniya ta bi sahu a 1967 da na'urar hura iska. Wannan dabara aka ɗauko wa ƙwaya. Daga 2 ga Maris 2015, a Ingila da Wales, laifi ne mutum ya tuƙa alhali ɗaya daga cikin wasu ƙwayoyi da aka lissafa, waɗanda suka kai 17, ta wuce ma'aunin da aka sa mata a jininsa. Takwas daga ciki, irin su wiwi da hodar ibilis da ketamin, an sa musu ma'auni ƙasa ƙwarai: maikirogiram 2 na sinadarin THC na wiwi a litar jini, 10 na hodar ibilis. Ɗan sanda yana goga ɗan tsinke a bakin direba a gefen titi, cikin 'yan mintuna ya nuna wiwi ko hodar, daga nan sai ofis a ɗebi jini. Wanda aka samu, ko bai taɓa kowa ba, zai rasa lasinsa na aƙalla shekara guda, ga tara, ga yiwuwar ɗaurin wata shida, kuma tabon zai zauna a kan lasin shekara 11.

Suka mafi ƙarfi da ake yi wa wannan tsari daga masana kimiyya take fitowa, kuma bai kamata a yi mata riƙon sakainar kashi ba. Giya tana narkewa a ruwan jiki, yawanta a jini yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan mayen, tana kuma raguwa da saurin da za a iya lissafawa. Wiwi ba haka take ba. Sinadarinta yana hawa ƙololuwa a jini cikin mintuna bayan an zuƙa, ya faɗo ƙasa cikin awa ɗaya ko biyu alhali ƙwaƙwalwa ba ta warware ba, sauran kuma ya ɓuya a kitsen jiki. Saboda haka wanda ya sha jefi-jefi zai iya kasancewa cikin maye jininsa na nuna kaɗan, mai sha kullum kuma a same shi sama da ma'auni washegari alhali ya wartsake. Ƙasashen ma ba su daidaita a kan lamba ɗaya ba: Kanada ta raba ta biyu, daga nanogiram 2 zuwa ƙasa da 5 a mililitar jini ƙaramin laifi ne mai tara, daga 5 zuwa sama babba ne, Jamus kuma ta tsayar da 3.5 a 2024 da nata salon awon. Haɗarin ma ba ɗaya ba ne. Yawancin nazarce-nazarce sun nuna wiwi ita kaɗai tana ƙara yiwuwar haɗari amma ba kamar giya mai yawa ba, yayin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ya sha amfetamin yiwuwar ya yi haɗarin da za a rasa rai ta ninka kusan sau biyar. Mai suka zai ce, ta yaya za a rataya ɗaurin rai-da-rai a kan lambar da ba ta auna maye daidai?

Amsar ita ce lambar ba ita kaɗai ke ɗaure mutum shekaru ba, kuma bai kamata ta zama ita kaɗai ba. A dokar Ingila, kafin a kama mutum da babban laifin, sai an nuna abu uku tare: tuƙinsa ya gaza na direba mai kula, wannan tuƙi ne ya jawo mutuwar, kuma yana cikin maye ko ya wuce ma'auni. Wanda aka faɗo wa ta baya yana tsaye a danja ba zai zama mai kisa ba don kawai an ga wiwi a jininsa. Laifinsa ƙarami ne, na tuƙi sama da ma'auni. Rai-da-rai kuma iyaka ce ta sama, wadda aka ajiye wa mafi munin hali, alƙali yana duba yawan abin da aka sha, ko an haɗa da giya, da irin gudun da aka yi, da tarihin direban. Sannan kowace iyaka da doka ta ja tana da irin wannan naƙasu. Akwai direban da zai iya gudun kilomita 120 lafiya lau, akwai wanda 80 ma ta fi ƙarfinsa, amma ba wanda ya ce a cire allon iyakar gudu. Amfanin layi shi ne kowa ya san inda yake tun kafin ya tayar da mota. Marasa lafiya ma an yi musu tanadi. Magunguna irin su diazepam da mofin da methadone an sa musu ma'auni mai tsawo, sama da abin da likita kan rubuta wa yawancin mutane, kuma wanda ya sha magani yadda aka umarce shi yana da kariya a kotu, muddin tuƙinsa bai nuna maye ba.

Akwai wata suka ta daban, wadda masu falsafar shari'a suka daɗe suna juyawa. Direbobi biyu sun sha ƙwaya iri ɗaya, sun bi titi ɗaya. Na farko ya isa gida ya kwanta, na biyu yaro ya ɓullo masa daga lungu. Zuciyarsu ɗaya, gangancinsu ɗaya, sa'a ce kawai ta raba su, amma ɗaya yana gidan yari ɗaya yana shan shayi. Ban ga laifin doka ba idan ta duba girman ɓarna, domin wanda ya jefa dutse cikin kasuwa ya riga ya yarda da duk kan da ya faɗa wa, kuma al'umma ba za ta amince da shari'ar da ta ɗauki gawa kamar ba komai ba. Sai dai wannan suka tana tona wani abu: idan sa'a ce kawai ta raba su, to barin na farko ya tafi salin-alin babban kuskure ne, domin gobe shi ne na biyu. Tana kuma tuna mana da waɗanda ba su mutu ba. Mutumin da aka karya wa ƙashin baya zai yi shekara talatin a kwance, matarsa ta koma mai jinya, 'ya'yansa su bar makaranta. A Ingila mummunan rauni ta tuƙin ganganci iyakarsa shekara biyar, ta tuƙin sakaci shekara biyu, tazara mai nisa daga rai-da-rai, alhali sau da yawa ƙwarewar likita da saurin motar asibiti ne suka hana raunin zama mutuwa. A nan tsarin Kanada, mai laifi na musamman ga wanda ya jikkata wani cikin maye, ya fi kusa da adalci.

Tun 1764 masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya yi bayanin cewa tabbacin za a kama mutum ya fi hana laifi a kan tsananin abin da za a yi masa, kuma binciken masana laifuffuka na zamaninmu ya fi karkata ga ra'ayinsa. Dalilin a fili yake a wannan fage. Babu direban da ke tayar da mota yana tunanin yau zai kashe mutum, don haka shekarun da aka tanada wa kisa ba sa shiga lissafinsa, ko 14 ne ko rai-da-rai. Abin da ke shiga lissafinsa shi ne ko akwai masu tsinken gwaji a hanyar da zai bi. Wasu na cewa tsananta hukunci zai sa wanda ya kaɗe mutum ya gudu, ya ɓuya har jininsa ya wanke, ya bar wanda ya kaɗe yana zubar da jini. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma maganinsa kada gudu ya zama riba. Dokar Ingila ta sa wanda ya ƙi ba da jini bayan ya kashe mutum da tuƙin sakaci a sahu ɗaya da wanda aka auna aka samu, Faransa ta lissafa gudu cikin abubuwan da ke ƙara shekaru, Kanada kuma ta gina laifin a kan abin da ke jinin mutum cikin awa biyu bayan ya bar tuƙi, don a toshe ƙofar cewa bayan haɗarin ne aka sha.

Idan muka juyo gida, za mu tarar rabin farko na aikin, wato hukunci, yana nan a rubuce, rabi na biyu, na gwaji da kamu, shi ne ya yi ƙaranci. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta Najeriya ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga wanda ya kashe mutum da tuƙin ganganci, tuƙi cikin mayen giya ko ƙwaya kuma yana cikin jerin laifuffukan hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, inda tararsa ta daɗe a naira 5,000. Girman matsalar kuwa binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a 2018 ya nuna shi: kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 wiwi, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe ciwo irin su tramol ba bisa umarnin likita ba. Wannan adadi na ƙarshe ya isa ya hana mu kwafo dokar Ingila yadda take, domin tramol ba ya cikin ƙwayoyin nan 17, tsinkensu na gefen titi ma ba ya ganinsa. Ga shi kuma wanda ake fasa-ƙwaurinsa zuwa Afirka ta Yamma yakan zo da ƙarfin miligiram 225 a ƙwaya ɗaya, alhali iyakar abin da likita ke yarda babba ya sha a yini 400 ne. Ƙwaya biyu sun wuce iyaka, yawansa kuma yana kawo jiri da gyangyaɗi, har da farfaɗiya. Dokar da za ta yi aiki tsakanin Kano da Legas, ko Maraɗi da Yamai, dole jerinta ya fara da tramol da kodin da wiwi da ƙwayoyin barci irin su diazepam, kayan gwajinta kuma su zama masu ganin su.

Za a ce direban haya ba don nishaɗi yake sha ba, don ya kori barci ne ya cika balas, ya kai kaya a ranar da mai mota ya yanka masa. Haka ne, kuma shi ya sa hukuncin da ya tsaya a kan direba kaɗai zai zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mai tirelar da ya san tafiyar da ya tsara ba ta yiwuwa sai da ƙwaya, da mai teburin da ke sayar da ita a bakin tasha kowa na gani, suna da kaso a alhakin, ya kamata doka ta iya kaiwa gare su. Amma talaucin direba bai mayar da fasinjojinsa 18 abin sadaukarwa ba, su ma talakawa ne. Haka nan yafiyar da dangin mamaci kan yi, su ce sun bar wa Allah, abu ne mai girma, kuma haƙƙinsu ne su karɓi diyya ko su yafe ta. Abin da ba nasu ba ne su yafe shi ne haƙƙin sauran masu bin hanya. Hukuma ce ke riƙe da wannan, kuma mafi ƙarancin abin da za ta yi shi ne ta karɓe lasin, ta rubuta sunan a inda kowace jiha za ta gani, don kada wanda ya kashe mutum a Zariya cikin maye ya sake lasin a wata jiha bayan wata guda.

Duk wannan yana komawa ga abu ɗaya mai sauƙin faɗa: doka ta wajabta ɗiban jinin kowane direba da ya shiga haɗarin da aka mutu ko aka ji mummunan rauni, cikin awa biyu ko uku, a asibitin da ya fi kusa, a rufe kwalbar da hatimi, a aika ɗakin gwajin da kotu ta yarda da shi. Wannan yana buƙatar ma'aikacin jinya da doka ta ba shi izini, da firji mai wuta, da takardar da ke nuna hannun da kwalbar ta bi, da jami'in da ba za a saya ba. Yana kuma kare direban kirki, wanda jama'a suka taru a kansa suna cewa ɗan ƙwaya ne alhali birki ne ya tsinke masa. Majalisa za ta iya mayar da shekara bakwai ta koma ashirin a zama ɗaya, amma muddin jinin yana jira har gari ya waye, alƙali zai ci gaba da yanke hukuncin sakaci a inda aka yi ganganci, kamar yadda aka yi a Landan a 2010.